Murjani Ma Yana Jin Yunwa

Manomin da ciyawa ta dame shi, har ya ce bana ba zai zuba wa gonarsa taki ba don ciyawar ta rasa abin ci, kowa ya san yadda damina za ta ƙare masa. Dawa za ta fito a tsamure, ganye ya yi ɗorawa, sannan wuta-wuta, wadda ba ta da wurin zama irin gajiyayyar ƙasa, ta bi kunya-kunya ta shanye ɗan abin da ya rage.

Abin da ke samun masu kiwon murjani a tankin gilashi na ruwan gishiri ke nan, a Amurka ko Jamus ko Japan. Murjanin nan ɗan'uwan wanda iyayenmu mata ke ratayawa a wuya ne, sai dai shi da ransa. Dabba ce, kuma a cikin namanta akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke sarrafa mata abinci da hasken fitilar tanki. Su kuma sai da fosfet, wato P ɗin nan da ke tsakiyar NPK a jikin buhun taki.

An daɗe ana tsorata masu kiwo da fosfet, domin idan ya yi yawa koren gansakuka kan lulluɓe duwatsu. Sai mutum ya sa garin tsatsar ƙarfe da ake kira GFO yana tsotse shi, injin tsame kumfa yana aiki dare da rana, ga ƙwauron abinci ga kifi. Ran da na'urar awo ta nuna 0.00 sai ya ji ya gama aiki. A ranar ne kuwa ya kamata hankalinsa ya tashi. Murjanin da ke da ruwan ƙasa-ƙasa mai sheƙi zai soma koɗewa kamar zanen da ya sha rana. Ba a jima ba sai wata aba mai yauƙi da launin makuba ta bayyana a kan yashi, tana jan zare kamar miyar kuɓewa, da ƙananan ƙwayoyin iska maƙale a jikinta. Dainofilajelet ke nan, wuta-wutar tanki. Wasu irinta na da dafi, har katantanwar da ke share gilashi sukan kashe.

Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka wallafa a 2013 ya nuna cewa murjanin da ya samu naitirojin da yawa amma ya rasa fosfet ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske ya tsananta. Manomin da ya dogara da yuriya kaɗai zai gane wannan.

Gyaran yana son haƙuri. A cire GFO, a sassauta wa injin kumfa, a ƙara wa kifi abinci, kashinsu ai taki ne. Idan bai isa ba, a ɗiga ruwan fosfet kaɗan-kaɗan, ana awo kullum, har a tsaya tsakanin 0.03 da 0.1 a ma'aunin ppm, inda yawancin masu kiwo ke nema.

A nan ne da yawa ke karaya. Ka zuba yau, gobe awo ya koma sifiri. Duk wadda ta taɓa sayen sabuwar randa ta san dalili: ka cika ta da dare, da safe ruwan ya ja baya, don yumɓu sai ya sha ya ƙoshi kafin ya riƙe. Busassun duwatsun tanki haka suke shan fosfet, wani lokaci har makonni. Wanda ya fusata ya kwarara da yawa lokaci guda, murjanin da ya riga ya galabaita ne zai ji jiki. Ni dai na fi son in ga ɗan kore-kore a gilashi, wanda za a goge bayan kwana biyu ko uku, da in ga tanki tas murjani yana ramewa a ciki.