Ladubban Kiran Ɗan Aiki da Wanda Ba a Sani Ba a Ma'aunin Shari'a

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, Bahaushe ya ƙware wajen girmama na sama da shi. Malami yana da “Allah gafarta Malam”, basarake yana da “ranka ya daɗe”, uba da miji da suruki kuwa ana yi musu alkunya, ba a ma ambatar sunansu. Inda harshe yakan yi sakaci shi ne wajen kiran mai gadi, da direba, da 'yar aiki, da ɗan garuwa, da ɗan dako, da mutumin da aka haɗu da shi a tasha ba a san sunansa ba. A nan ake jin “kai” da “ke” tsirara, ko a yi fito, ko a ƙyasta yatsa. Wannan maƙala za ta bayyana matsayin Shari'a kan lafazin kiran irin waɗannan mutane, sannan ta auna kalmomin Hausa da ake amfani da su yau da kullum.

Asalin mas'alar a Alƙur'ani

Aya ta 83 cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da faɗa wa mutane kyakkyawar magana, kuma lafazin da ta zo da shi ya game mutane baki ɗaya, bai ware Musulmi ko mai daraja ba. Aya ta 44 cikin Suratu Ɗaha ta umarci Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, da tausasa magana ga Fir'auna. Idan wanda ya yi da'awar allantaka an ce a tausasa masa harshe, to babu hujjar da za ta halatta gatsali ga mai neman halalinsa da guminsa.

Nassin da ya fi kusa da mas'alar shi ne aya ta 11 cikin Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da aibantawa da jifar juna da munanan laƙubba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Jabira ɗan Dahhak cewa a Madina mutum yakan kasance da suna biyu ko uku, sai a kira shi da wanda yake ƙi, daga nan ayar ta sauka. Wannan sababi yana nuna cewa abin lura shi ne yadda wanda ake kira yake jin sunan a ransa. Cewar mai kira “wasa nake yi” ba ta ɗauke masa laifi.

Kiran mai hidima a Sunna

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya kira wanda ke ƙarƙashinsa da “abdi” ko “amati”, wato bawana ko baiwata, ya kuma shiryar zuwa ga “fataya” da “fatati” da “gulami”, kalmomin da suke nufin saurayi da budurwa da yaro. Riwayar Muslim ta ambaci dalili: dukkan maza bayin Allah ne, dukkan mata kuma bayinsa ne. Mafi yawan malamai sun ɗauki hanin a matsayin karhanci na ladabtarwa, domin lafazin bayi ya zo a aya ta 32 cikin Suratun Nur. Buhari ya sanya hadisin a babin ƙin ɗagawa ga bayi, abin da ke nuna cewa illar da ake gudu ita ce girman kai. Alƙur'ani ma da kalmar “fata” ya ambaci mai yi wa Annabi Musa hidima a aya ta 60 da ta 62 cikin Suratul Kahfi.

An yi wannan hani a kan mutanen da ake mallaka a wancan zamani. Ma'aikacin yau ɗa ne, abin da ke tsakaninsa da mai gidansa ƙulla ijara ce, ya sayar da aikinsa na wani lokaci a kan lada sananne. Saboda haka hukuncin ya fi tabbata a kansa ta hanyar ƙiyasi mafi cancanta.

Hadisin Abu Zarri ya ƙara fito da lamarin. Ma'arur ɗan Suwaid ya same shi a Rabaza sanye da tufa iri ɗaya da ta yaronsa, ya tambaye shi dalili. Abu Zarri ya ce ya taɓa goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, sai Annabi ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, ya kuma sanar da shi cewa masu hidima 'yan'uwa ne da Allah ya sanya a ƙarƙashin hannun mutum. Kalma guda ce ta jawo wa babban sahabi wannan tsawatarwa. Anas ɗan Malik kuwa ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba, kuma a riwayar Muslim da “ya ɗana” yake kiransa.

Kiran wanda ba a san sunansa ba

Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya ware wa wannan babi na musamman a littafinsa Al-Azkar. Taƙaitaccen abin da ya shimfiɗa sharuɗɗa uku ne: kada lafazin ya cutar da wanda ake kira, kada ya zama ƙarya, kada kuma ya zama bambaɗanci. Ya kafa hujja da hadisin Bashir ɗan Hasasiyya, inda Annabi ya hangi wani mutum yana tafiya tsakanin ƙaburbura da takalma, ya kira shi da siffar takalmansa. Ke nan “mai farar riga” ko “mai jar hula” kira ne halattacce.

Sharaɗi na biyu da na uku suna da goyon baya a hadisin Buraida da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya hana kiran munafuki da shugaba, da kuma wasiƙar Annabi ga Hiraƙlu, inda ya ambace shi da babban Rumawa. An girmama shi da abin da yake gaskiya, ba a ƙara masa abin da ba nasa ba.

Kira da naƙasa kuwa, malaman hadisi sun ambaci A'amash da A'araj da laƙubbansu domin da su aka san su, kuma bayani ake nufi. Wannan rangwame ne na larura a fagen ilimi. Ba ya zama hujja ga mai cewa “kai gurgu” ko “kai makaho” a bakin titi, alhali “Malam” ya wadatar.

Auna kalmomin Hausa

Shari'a ba ta ƙayyade kalmomi ga kowane harshe ba, ta bar wannan ga al'ada, bisa ƙa'idar fiƙihu da ke cewa al'ada abar hukunci ce. Hausa tana da wadatar lafuzzan da suka cika sharuɗɗan Nawawi. “Bawan Allah” da “baiwar Allah” su ne mafi aminci, domin gaskiya ne a kan kowa, kuma sun dace da dalilin da hadisin Abu Huraira ya ambata. “Malam” da “Malama” sun zama kiran girmamawa ga kowane baligi. “Baba”, “Inna”, “Mama”, “Kawu”, “Yaya” da “ɗan'uwa” suna sanya baƙo cikin dangi gwargwadon shekarunsa, kamar yadda Annabi ya kira Anas.

“Alhaji” da “Hajiya” ga wanda ba a san ya yi hajji ba suna da fuska biyu. Al'ada ta mayar da su kalmomin ladabi, mai ji ba ya fahimtar shaida ce ake bayarwa, don haka ba a hukunta su da ƙarya. Amma idan tufafi da mota ake dubawa kafin a furta su, ga mai kuɗi “Alhaji”, ga talaka “kai”, to an faɗa cikin bambaɗancin da aka hana.

Kira da sana'a, irin su “mai shayi”, “mai nama” da “direba”, ba shi da laifi ga wanda ba a sani ba, domin masu sana'ar da kansu suna amsa shi. Hukuncin yana sauyawa idan mutum ya shekara biyar yana gadin gida ko sharar ofis, har yau “mai gadi” ko “mai shara” ake ce masa. A nan rashin sanin sunansa shi ne raini. Haka kalmar “yaro”: ta yi daidai da “gulam” da Sunna ta halatta, kuma a kasuwa “yarona” na nufin wanda ke ƙarƙashin ɗan kasuwa ko da magidanci ne. Amma matashi ya dubi dattijo mai furfura ya ce “kai yaro” cutarwa ce da ba ta da tawili. Mafi muni shi ne 'ya'yan gida su riƙa kiran wanda ya yi sa'ar mahaifinsu da sunansa gatsau, domin daga bakin iyayensu suka ji.

Kira da ƙabila ya fi kusa da abin da aka tsawatar wa Abu Zarri. Ce wa kowane mai gadi “Buzu”, ko jifar baƙo da “arne” ko “baƙauye”, gori ne da asali. Hausawa masu ƙananan sana'o'i a kudancin Nijeriya sun san ɗacin wannan, inda kalmar “aboki”, duk da kyawun ma'anarta, takan fito da sigar ƙasƙanci. Wannan misali yana tabbatar da cewa murya da yanayin fuska suna cikin hukuncin lafazi.

Kammalawa

Kafin kowane kira akwai sallama. A hadisin Abdullahi ɗan Amru da Buhari da Muslim suka ruwaito, yin sallama ga wanda aka sani da wanda ba a sani ba yana cikin mafi alherin ayyukan Musulunci. Wanda ya fara da sallama, ya bi da “sannu da aiki”, ya tambayi suna idan mu'amala za ta daɗe, ya sauke mafi yawan haƙƙin. Nauyin ya fi rataya a kan malamai da ɗaliban ilimi, domin masinja da mai sharar jami'a suna jin yadda ake kiransu, kuma da wannan suke auna karatun da ake yi a cikin azuzuwa. Allah ne mafi sani.