Baka da Barewa: Asarar Makamin Harbi a Wurin Ƙabilar Yahi ta Kalifoniya

Gabatarwa

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1908 wasu safiyoyi da wani kamfanin lantarki ya tura auna ƙasa suka faɗa wa wata maɓoya a cikin sarƙaƙiyar wani kwazazzabo a arewacin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Mutum huɗu ne ke zaune a wurin, kuma su ne kaɗai suka rage daga ƙabilar Yahi, ɗaya daga cikin ƙabilun ainihin mutanen ƙasar kafin zuwan Turawa. Wani tsoho da wata mace suka tsere, namijin da ke ciyar da su ya ɓuya, aka bar wata tsohuwa kwance cikin bargo don ba ta iya tafiya. Baƙin ba su taɓa ta ba, amma suka kwashe duk abin da hannu zai iya ɗauka, har da baka da kibau da kwari.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da irin wannan asara take nufi ga mutumin da harbi ne abincinsa. Mai karatun da ya saba ganin baka a kasuwa zai ɗauka cewa wanda ya rasa nasa sai ya sayi wani, ko kuwa ya shiga daji ya saro reshe. Za a ga cewa a wurin Yahi al'amarin ya wuce haka nesa, domin da baka ake samun barewa, kuma da barewa ake yin baka.

Kalmomi biyu na bukatar bayani tun daga farko. Dabbar da ake magana a kanta ba barewar da Bahaushe ya sani ba ce. Wata dabba ce mai baƙin wutsiya wadda ƙahon namijinta ke yin rassa, ya faɗi kowace shekara wani ya tsiro. Da yake babu irinta a ƙasar Hausa, an ara mata sunan barewa a nan. Haka kuma an zaɓi kalmar harbi a kan farauta, saboda farauta ta fi nuni ga fitar gayya da karnuka da kulake, alhali abin da za a kwatanta aikin maharbi ne shi kaɗai, wanda ke sanɗa da fako.

Mutanen Yahi da Ishi

Yahi reshe ne na kudu na ƙabilar Yana, kuma mazauninsu shi ne gangaren dutsen Lassen, a gefen rafuka biyu, Mill Creek da Deer Creek. Ma'anar sunan na biyun ita ce rafin barewa. Ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba lokacin da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, Turawa suka yi ta kwararowa da shanu da aladu, dabbobin suka cinye tsirrai da 'ya'yan itacen da mutanen ƙasar ke ci. Yunwa ta sa Yahi kama dabbobin baƙi, baƙin kuma suka mai da martani da kisan kiyashi, musamman a shekarun 1860. Waɗanda suka tsira suka shige kwazazzabo suka ɓuya har kusan shekara arba'in.

Bayan abin da ya auku a 1908, namijin nan ya komo ya ɗauke tsohuwar, wadda ita ce mahaifiyarsa, ba da jimawa ba ta rasu. Sauran biyun kuwa ba a sake ganinsu ba. Ya zauna shi kaɗai kusan shekara uku. A ƙarshen watan Agusta na 1911 aka tsince shi a wata mayanka kusa da garin Oroville, a rame, gashin kansa a babbake bisa al'adarsu ta makoki, ba baka ba kibiya. Malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya masu nazarin al'adu, watau Alfred Kroeber da Thomas Waterman, suka kai shi gidan tarihi na jami'ar a San Faransisko. Al'adar Yahi ba ta yarda mutum ya faɗi sunansa da bakinsa ba, ga shi babu sauran wanda zai faɗa a madadinsa, don haka aka riƙa kiransa Ishi, watau namiji a harshen Yana. A nan ya haɗu da wani likitan fiɗa, Saxton Pope, wanda ya zama ɗalibinsa a harbi. Kusan duk abin da aka sani game da bakan Yahi daga rubuce-rubucen Pope ya fito, musamman Yahi Archery na 1918 da Hunting with the Bow and Arrow na 1923.

Yadda ake haɗa bakan

Pope ya rubuta sunan baka a bakin Ishi da man-nee. Gajere ne, mai faɗi, tsawonsa kimanin inci 42. Ishi ba da tsinken awo yake aunawa ba, da jikinsa yake yi: daga hannun da aka miƙe zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren. Ke nan kowane baka an yanka shi ne daidai jikin mai shi, kamar yadda tela ke yanka riga.

Itacen da ya fi so shi ne wani itacen kan duwatsu da ake kira junifa. Yakan tsaga reshe, ya kankare shi, ya goge da dutse mai kaushi har ya yi siffar da yake so, sa'an nan ya lanƙwasa ƙarshensa biyu baya a kan dutse mai zafi. Daga nan sai ya ɗaure shi jikin wani itace, ya ajiye a wuri mai duhu marar laima domin ya bushe a hankali. Wannan bushewa kan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru. Ita ce ba a iya gaggauta ta, domin ɗanyen itace in an tanƙwara shi ba ya komawa yadda yake, kuma bakan da ba ya komawa ba ya tura kibiya.

Bayan itace ya bushe ne barewa ke shigowa. Ishi yakan dafa fatar kifin salmon har ta zama danƙo, ya shafa a bayan bakan, watau fuskar da ke duban abin harbi. Sai ya ɗauko agarar ƙafar barewa, ya tauna ta har ta yi laushi ta rarrabu zare-zare, ya shimfiɗa zaren a kan danƙon, wani kan wani, har bayan ya rufe da kauri. Yakan naɗe shi tam da ɓawon itace na 'yan kwanaki, ya kwance, ya ƙara danƙo, ya goge. Hikimar wannan aiki a fili take ga wanda ya lura da yadda baka ke tanƙwara. Idan aka ja tsirkiya, cikin bakan matsewa yake yi, bayansa kuwa miƙewa yake yi, kuma ta baya itace ke fara tsagewa. Jijiya ta fi itace jure miƙewa nesa ba kusa ba, don haka ita ke ɗaukar wannan wahala. Bugu da ƙari, idan tana bushewa tsukewa take yi, sai ta janyo bakan baya, ta ƙara masa ƙarfi tun kafin a ɗaura tsirkiya. Da haka ne gajeren itace ke iya jure jan kibiya mai tsawon inci 26 ba tare da ya karye ba. Pope ya auna ƙarfin jan bakan ya sami kimanin laba 45, kuma yana iya jefa kibiya kimanin yadi 200.

Ita ma tsirkiyar daga sirarar jijiyar ƙafar barewa ake murɗa ta. Mariƙin bakan da tsirin fatar barewa ake naɗe shi. Kan kibiya kuwa, wanda ake yi da baƙin dutse mai ƙyalli irin wanda duwatsu masu aman wuta ke fitarwa, ko da fasasshiyar kwalba bayan zuwan Turawa, da tsinin ƙahon barewa ake ɓantare shi kaɗan-kaɗan, ko da yake daga baya Ishi ya koma amfani da ƙusa. Da gashin tsuntsu da jijiya ake gama gindin kibiya, kuma biyar-biyar yake yin su. In aka ɗebe itacen da danƙon, kusan duk abin da ke jikin bakan nan daga barewa ya fito.

Ladubban baka da na harbi

Abin da aka sha irin wannan wahala a kansa dole a kewaye shi da dokoki. A wurin Ishi ba a barin baka a ɗaure da tsirkiya, ba a kuma jingine shi a tsaye, domin a ganinsa yin haka na sa shi gajiya har ya yi gumi. Kwantar da shi ake yi. Ba a tsallake shi, yaro ba ya wasa da shi, mace ba ta taɓa shi, in kuwa hakan ta faru sai an wanke shi da yashi da ruwa, in ba haka ba zai riƙa harbi a karkace. Mai nazarin al'ada bai kamata ya tattara waɗannan duka ya kira su camfi ba. Na farkon, alal misali, gaskiya ce da kowane mai sassaƙa baka zai tabbatar: itacen da aka bari a tanƙware yakan saba da tanƙwarar, ƙarfinsa ya ragu. Abin lura a nan shi ne kalmomin da aka zaɓa, gajiya da gumi, waɗanda na mai rai ne. Har murya bakan ke da ita, domin Ishi yakan gane nagari ta amon da tsirkiya ke yi in an ƙwanƙwasa ta da kibiya, yakan kuma kafa ƙarshen bakan a gefen bakinsa ya kaɗa shi kamar abin kiɗa.

Shirin fita harbin barewa ma yana da nasa ƙa'idodi. Ba ya cin kifi ana gobe zai fita, ba ya shan taba, da asuba yakan yi wanka a rafi ya wanke baki, ya fita ba tare da ya ci kome ba. Duk wannan don hancin barewa ne. Yakan bi iska ta yadda warinsa ba zai isa gare ta ba, ya tsotsi ganyen da ya ninke a leɓe ya fitar da kukan ɗan barewa don ya jawo uwar, ko kuwa ya ɗora busasshen kan barewa a kansa ya riƙa leƙowa daga bayan kurmi. Wanda ya san maharbin ƙasar Hausa da kan burtunsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A wajen harbin allo Pope ya fi shi, amma wajen kusantar dabba har inda kibiya ɗaya za ta wadatar, malamin bai da na biyu.

Nauyin asarar

Yanzu za a iya auna abin da safiyoyin nan suka yi, su da suka ɗauki kayan a matsayin abin tsaraba. Lokacin kaka ne, sanyi da ruwan hunturu na ƙaratowa. Sun tafi da busasshen kifi da 'ya'yan itacen oak da aka tara, watau abincin hunturun. Sun tafi da bargunan fata. Sun kuma tafi da abubuwan da za a iya mai da gurbin waɗannan da su: baka, da tarkon barewa, da mashin kifi, da itacen murza wuta, da kayan ɓantare kan kibiya. Domin a yi sabon baka ana bukatar itacen da ya yi watanni yana bushewa, da fatar kifin da sai da mashi ake kama shi, kuma a lokacinsa, da agarar barewar da sai da baka ko tarko ake samunta. Kowace ƙofa an kulle ta da mabuɗin da ke bayan wata. A ƙabila mai jama'a, wanda ya yar da bakansa a daji yakan ari na ɗan'uwa, ko ya karɓi jijiya a wurin maƙwabci, asarar ta tsaya a baƙin ciki. Mutum huɗu da ke ɓoye, biyu daga ciki tsofaffi, ba su da wanda za su ara a wurinsa.

Wasu daga cikin kayan da aka kwashe sun ƙare a gidan tarihin da Ishi ya zauna daga baya. A can ya ci gaba da sassaƙa baka da kibau a gaban 'yan kallo, yana kuma karɓar albashi a matsayin mataimakin mai shara. A 1914 ya koma Deer Creek tare da Kroeber da Waterman da Pope, ya nuna musu wurare da sunayensu da yadda ake harbi. A 1915 masanin harshe Edward Sapir ya zauna da shi yana rubuta harshen Yahi. Sana'ar kuwa ta bi wata hanyar da babu wanda ya zata: Pope da abokinsa Arthur Young suka farfaɗo da harbin manyan namun daji da baka a tsakanin Turawan Amurka, har aka kafa ƙungiyar maharba mai ɗauke da sunayensu a 1961, shekarar da Theodora Kroeber ta buga littafinta Ishi in Two Worlds. Bakan da Pope ya fi riƙo da shi dai dogon baka ne irin na Ingila, ba gajeren nan na Yahi ba.

Ishi ya rasu da tarin fuka ranar 25 ga Maris, 1916. Kroeber, wanda ke New York a lokacin, ya rubuto yana hana a feɗe gawar, amma aka feɗe, aka cire ƙwaƙwalwar, daga baya aka aika da ita cibiyar Smithsonian a Washington, inda ta zauna har shekarar 2000, lokacin da aka miƙa ta ga ƙabilu masu dangantaka da Yana suka binne ta tare da tokarsa a ƙasar kakanninsa. Ranar da za a ƙone gawar a 1916, abokansa na gidan tarihi sun sa masa a cikin akwatin garin 'ya'yan oak, da taba, da kuɗin wuri irin na ƙabilarsa, da ɓantaren baƙin dutse, da kibau biyar, da ɗaya daga cikin bakunan da ya sassaƙa da hannunsa.