Inda Aka Yanke Hoto Nan Yake Gyaruwa Ko Ya Lalace: Ƙa'idojin Ɗaukar Hoton Mutum Da Waya

Ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure a Fammar, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kibiya, ba a rasa matashin da za a ce wa, "Zo ka ɗauke mu." Haka abin yake a Rano da sauran garuruwan kudancin Kano: wanda wayarsa ta fi kyamara mai kyau shi ne mai hoton gidansu. Sai an zauna duba hotunan da daddare ake ganin an fille wa ango rabin hula, an datse wa amarya yatsun da aka yini ana yi wa lalle, an bar tsoho tsaye babu ƙafafu. A lokacin kuwa aikin gama ya gama, taro ya watse.

Yawancin irin wannan ɓarna ba laifin kyamara ba ne. Tecno ko Infinix ko itel mai matsakaicin kuɗi tana iya fitar da hoton da za a rataya a ɗaki. Matsalar tana ga iyakar hoton: me aka shigar, me aka bari a waje, kuma a wane wuri gefen hoton ya ratsa jikin mutum. Aikin kashi biyu ne: tsara hoto kafin a danna, da yanke shi bayan an ɗauka. Yanka yana iya rage abin da ya yi yawa, amma ba ya dawo da abin da ba a ɗauka ba.

Hoto ɗaya, ma'auni da yawa

Kyamarar mafi yawan wayoyi tana ɗaukar hoto ne a ma'aunin 4:3. Idan waya mai megafiksil 12 ce kuma aka riƙe ta a tsaye, hoton zai zo da ɗigo kusan 3,000 a faɗi da 4,000 a tsawo. Wayoyin da aka rubuta wa megafiksil 48 ko 50 ma galibi suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, su fitar da hoto mai kusan wannan girma, sai dai in an canza saiti.

To amma kusan babu inda hoton zai je a bar shi yadda yake. Sitatus ɗin WhatsApp da TikTok ma'auninsu 9:16 ne, dogo siriri. Kafin hoto ya cika allon sai an zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa. Dogon hoton Instagram mai ma'aunin 4:5 yana cin kaɗan daga sama ko ƙasa. Hoton furofayil ya fi kowanne ci: sai an mayar da shi murabba'i, wato an zubar da kwata na tsawonsa, sannan manhajar ta zagaye shi, da'irar kuma ta cinye kusurwoyi huɗu, kimanin kashi 21 cikin 100 na murabba'in. Abin da ke saura bai kai kashi 60 cikin 100 na asalin hoton ba. Ko a situdiyo aka kai shi wanki, takardar inci 4 da 6 da ta inci 8 da 10 ba siffarsu ɗaya ba, kowace da inda za ta ci.

Saboda haka a bar kyamara a kan 4:3. Zaɓin 16:9 ko na cika allo yana burge ido, amma yanke gefuna yake yi tun kafin a ajiye hoton. A kuma bar ɗan fili kewaye da mutum, domin duk manhajar da za ta ci, ta ci fili, kada ta ci kunne ko hula.

Kada gefen hoto ya faɗa kan gaɓa

Wannan ita ce ƙa'idar da masu hoto suka fi nanatawa. Idan gefen hoto ya ratsa daidai wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa ko idon sawu, mai kallo yakan ji kamar nan jikin ya ƙare. Idan kuwa ya ratsa tsakanin gaɓoɓi biyu, ido da kansa yake ƙarasa sauran. Wuraren da suka fi dacewa su ne:

Hoton fuska: a yanke ƙasa da kafaɗu, a tsakiyar ƙirji, kada a tsaya a wuya.

Rabin jiki: a yanke sama kaɗan ko ƙasa kaɗan da ƙugu, hannuwa kuma su shigo gaba ɗaya ko su fita gaba ɗaya.

Kusan dukkan jiki: a tsakiyar cinya, ba a kan gwiwa ba.

Cikakken jiki: takalmi ya fito duka, har da ɗan fili a ƙarƙashinsa. Hoton da ya nuna mutum tun daga hula har ƙwauri sannan ya rasa ƙafa shi ne ya fi kowanne muni.

Babbar riga da zane suna ɓoye gwiwa, don haka sukan rufa wa mai hoto asiri a ƙasan jiki. Hannu ne ba ya ɓuya. Mai riƙe da carbi ko sanda, da amaryar da ta ɗora hannu a cinya don a ga ƙunshi, duk yatsunsu su fito. Ita ma babbar riga, in mai ita ya ɗaga hannuwanta bisa kafaɗa, faɗinsa ya ƙaru, sai a ja baya har aikin gaban rigar ya fito ba guntu ba.

Hula da ɗankwali ba a taɓa su

Darussan hoto da yawa daga Turai da Amurka suna cewa babu laifi a yanke saman kai idan an matso da fuska sosai, domin idanu su cika hoton. A can gashi kawai aka rage. A ƙasar Hausa abin da ke saman kai wani ɓangare ne na mutumin. Saurayi ya zaɓi zanna ko kube da ta dace da shaddarsa, ya gyara karinta. Budurwa ta ɓata lokaci gaban madubi kan ɗaurin ɗankwali. Rawanin basarake kuwa shi ke faɗin matsayinsa, har yadda aka fitar da kunnuwansa yana da ma'ana. Wanda ya datse waɗannan ya cire rabin abin da aka tsaya a ɗauka.

Shahararren mai hoton Najeriya J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya gane haka. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, ya tara hotuna kusan dubu, da yawansu ta baya ko ta gefe, ya kuma ɗauki ɗaurin ɗankwali iri-iri. A hotunansa adon kai ne ke samun fili, ba ya taɓa gefe.

Sai dai filin saman kai ma yana da iyaka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye fuska a tsakiyar allo, rabin hoton ya tafi a sararin sama ko rufin kwano, ƙafafu kuma su fice ta ƙasa. A hoton rabin jiki, tazarar da ta kai faɗin tafin hannu sama da hula ta wadatar. Idan don furofayil ne, a ƙara.

Inda idanu za su zauna

A saitin kyamarar kusan kowace waya akwai zaɓin da ke fito da layuka huɗu a allo, biyu a tsaye biyu a kwance, su raba shi gida tara. Tsarin ya girmi waya da nisa: wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta shi da sunan ƙa'idar kashi uku tun 1797. Amfaninsa ga hoton mutum mai sauƙi ne: idanu su zauna a kan layin kwance na sama ko kusa da shi. Da an yi haka, filin saman kai yakan daidaita da kansa.

Idan mutum yana kallon gefe, a bar fili mafi yawa ta inda yake kallo. Haka mahayin doki a hawan Sallah a Rano: filin ya kasance gaban dokin. Wanda kuwa ya fuskanci kyamara kai tsaye, tsakiya ta fi masa kyau. A hoton taro, na gefe su ne ke shan yanka, don haka a bar tazarar kafaɗar mutum ɗaya hagu da dama.

Ja da baya ya fi matsowa

Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce. Wanda yake son fuska ta cika allo yakan matso da waya dab da mutum, sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA Facial Plastic Surgery a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Shi ya sa hoton ɗauki-kanka ba ya cika yin kama da mai shi.

Maganin shi ne a tsaya taku biyu ko uku daga mutum, a danna 2x idan akwai haske sosai, ko a ɗauka haka a yanke daga baya. Waya ta kasance daidai idonsa a hoton fuska, daidai ƙirji ko ƙugu a hoton cikakken jiki. Idan yaro ne ko dattijon da ke zaune kan tabarma, mai hoto ya durƙusa. Ɗauka daga sama tana ƙara girman kai, ta gajarta ƙafafu.

Kafin a danna, a zagaya gefuna huɗu da ido, a kuma duba bayan mutum. Turken lantarki ko itacen darbejiya da ya tsaya daidai bayan kai yakan fito kamar daga cikin hula ya tsiro. A fili ko a gona, layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya ratsa wuya, kada kuma ya karkace. Taku ɗaya hagu ko dama yakan gyara duka.

Hoton fom yana da tasa doka

Duk abin da aka faɗa game da ajiye mutum a gefe bai shafi hoton fasfo da na fom ɗin makaranta ko neman aiki ba. Ma'aunin ICAO, hukumar duniya mai kula da sufurin jiragen sama, wanda ƙasashe ke bi wajen hoton fasfo, yana son fuska a tsakiya, tana kallon gaba, baki a rufe, bango mai haske marar zane. Girman da aka fi amfani da shi milimita 35 ne a faɗi da 45 a tsawo, kai kuma ya ci kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsawon. Bizar Amurka murabba'i take so, inci biyu kowane gefe. Ana karɓar hijabi muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Tunda kowane fom da nasa ma'auni, a ɗauki hoton daga ƙirji zuwa sama da fili wadatacce, a ajiye shi, a riƙa yanko abin da kowane shafi ya nema. Hakan ya fi a mayar da mutum daga shagon intanet ya sake biyan kuɗin mota.

Yanka bayan ɗauka

Sanannen hoton Che Guevara da ake gani a jikin riguna yankakke ne. Alberto Korda ya ɗauke shi a Habana, babban birnin Kyuba, ranar 5 ga Maris, 1960, kuma a asalinsa akwai gefen fuskar wani mutum a hagu da ganyen bishiya a dama. Cire su ne ya bar fuskar ita kaɗai. Ka'idar ke nan: a cire abin da ke janye ido daga mutum.

Amma kowane yanka yana cin inganci. Idan aka rage rabin faɗi da rabin tsawo na hoto mai megafiksil 12, saura 3 kacal. Wannan ya isa sitatus da ƙaramin wanki, amma wankin inci 8 da 10 mai kaifi yana bukatar ɗigo kusan 2,400 da 3,000. A yi yankan daga asalin hoton da ke cikin wayar da ta ɗauka, ba daga wanda ya biyo ta WhatsApp ba, domin manhajar takan matse hoto. Idan dole sai an tura, a zaɓi HD ko a tura shi a matsayin fayil. A kuma yanki kwafi, a bar na asali.

Akwai kuma haƙƙi. Yanko fuskar wata daga hoton taron biki a ɗora ta ita kaɗai a intanet ba tare da saninta ba cin amana ne, ko da da yardarta aka ɗauki hoton taron.

Ƙwarewa a wannan ba ta bukatar sabuwar waya. A samu aboki a ɗauke shi sau huɗu a wuri guda: fuska, rabin jiki, zuwa cinya, cikakke. A gwada kowanne a da'irar furofayil da allon sitatus, a ga inda ya ci. Wanda ya yi haka sau biyu ko uku zai fara ganin gefunan hoto tun kafin ya ɗaga waya.