Yawan 'ya'ya da rabon tuwo a ƙasar Adar

A Madawa da Buza da Kaita, cikin jihar Tawa, gida mai yara da yawa gida ne mai hannun aiki: masu noma, masu kiwo, masu tafiya cin rani Nijeriya ko Libiya su aiko da kuɗi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, na 2021 kuwa 6.2.

Sai dai gona ba ta ƙaruwa, ana ta rabonta ne tsakanin magada. Aikin raya ƙasa na Kaita, wanda Italiya da FAO suka tallafa tun 1984, ya farfaɗo da faƙo mai yawa, amma bakunan ci sun riga shi gudu. Idan rumbu ya yi ƙasa tsakanin Yuni da Satumba, tiyar gero ɗaya ce za ta zagaya kowa, kuma a kwanon tarayya ƙaramin yaro ne ke tashi da yunwa. Lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke tsananta, gadajen masu tamowa su cika a asibitin Madawa.

A ganina kwanika ta fi yawan 'ya'yan kansa ɓarna. Uwa ta samu ciki da goyo a baya, sai a yaye yaro da gaggawa, a ɗora wa yayarsa raino, makarantarta ta tsaya nan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.