Mayaƙin Mahadi da Ya Buɗe wa 'Yan Mata Makaranta

Babikir Badri da takobi ya fara rayuwa. Yana saurayi ya shiga rundunar Mahadi a Sudan, ya bi kwamanda Wad Nujumi zuwa yaƙin Toshka a 1889, aka kama shi, ya yi zaman fursuna a Masar. Yana nan kuma a yaƙin Karari a 1898, ranar da bindigogin Turawan Ingila suka kashe dubban Ansaru, wato mabiya Mahadi, kafin rana ta take tsaka. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Bayan ƙura ta lafa sai ya zauna a Rufa'a, a bakin Shuɗin Nilu, yana karantar da yara maza. Can sai ya je wa James Currie, Baturen da ke kula da ilimi, da wata buƙata: yana so ya buɗe wa 'yan mata makaranta. Bature ya noƙe, yana tsoron kada jama'a su yi bore. Da Babikir ya nace, aka ce ya je ya yi, amma da sunansa, da kuɗin aljihunsa.

A 1907 ya buɗe ta a cikin gidansa da 'yan mata 17. Tara daga cikinsu 'ya'yansa ne, takwas na maƙwabta. Wannan ne ya fi burge ni a labarin. A garin da ake ganin karatun boko zai lalata tarbiyyar 'ya mace har ta rasa mijin aure, mutumin nan nasa ya fara zaunarwa a gaban allo. In abin zai zama abin kunya, gidansa zai fara shafa. Ya sha surutu, bai fasa ba. An riƙa koya wa 'yan matan karatu da rubutu da lissafi da addini da ɗinki.

Ya rasu a 1954. Ɗansa Yusuf Badri ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kafa Kwalejin Ahfad ta mata zalla a Omdurman a 1966 da ɗalibai 23 kacal. A 1995 ta zama cikakkiyar jami'a, kuma jikan Babikir, Gasim Badri, ya riƙe ragamarta shekaru da dama. Ta yaye likitoci da masu haɗa magunguna da masana abinci mai gina jiki, har da 'yan ƙasashen maƙwabta. Akwai wata al'ada tata da nake fata jami'o'inmu su ara: ta kasance tana tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da matan karkara, su tattauna kan lafiyar uwa da jariri da illar kaciyar mata.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa malamai da ɗalibai, wasu suka tsallaka Masar da sauran ƙasashe. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, 'yan matan Ahfad su koma azuzuwansu lafiya.