Abin Da Ke Kashe Kifi Da Asuba A Tafkunan Ƙasar Kazaure

A ƙarshen bazarar bana, ina cikin rangadin duba makarantu a ƙasar Kazaure, na kwana a wani ƙauye da ke bakin wani tafki. Da asuba, mun idar da salla ke nan, sai ga yara sun sheƙo a guje suna cewa kifi ya taso. Muka ɗunguma zuwa bakin ruwa, muka iske karfasa birjik sun juya ciki sama, waɗansu kuwa da sauran ransu sun ɗago baki suna haki kamar wanda ya sha gudu. Nan da nan magana ta rabu biyu. Waɗansu suka ce mutanen ruwa aka saɓa wa. Waɗansu suka ce guba aka zuba da dare, har aka soma ambaton sunan wani masunci na ƙauyen da ke ƙetare, samari suka fara neman sanduna.

Babban malamin makarantar ya jawo ni gefe ya ce in ina da abin faɗi in faɗa tun ba a yi ɓarna ba. Na tambayi Sarkin Ruwa abu 3. Shin ruwan ya yi kore kwanan nan? Ya ce ya yi kore shar, kamar miyar kuka. Shin an yi hadari? Ya ce kwana biyu ke nan rana ba ta fito sosai ba, shekaranjiya kuma aka yi ruwan farko da iska mai ƙarfi. Shin ya ga tarwaɗa cikin matattun? Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ko ɗaya babu. To, da jin haka na ce a mai da sanduna, domin in da guba ce da ba ta bar tarwaɗa ba, da ƙananan kifaye za ta fara kashewa, kuma ba ruwanta da jiran asuba. Wannan kuwa manyan karfasa ne suka fara mutuwa. Abin da ya kashe su rashin iska ne, ga kuwa yadda abin yake.

Sai mai karatu ya fara tuna irin ƙasar. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, ruwan sama ba ya nutsewa da nisa, gangarowa yake yi ya taru a kwari. In aka yi gabas wajen Babura sai a shiga rairayi, inda koguna irin su Gari ke raguwa har yashi ya shanye su. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki sun dogara ga tafki da kududdufi. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka dukufa ga datse koguna, balle da farin 1973 ya nuna wa kowa iyakarsa. An gama Tiga a 1974, a cikin waɗannan shekaru kuma Kazaure ta sami madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba, tun tana cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Galibin ruwayen wannan yanki ba su da zurfi, ga shi kuwa rana da iskar hunturu kan ɗauke ruwa wajen mita 2 a shekara, watau ƙafa 6 da ɗoriya, daga saman kowane buɗaɗɗen tafki a Arewa, alhali ruwan saman da ke zubowa nan bai kai mita 1 ba. Kafin watan Afrilu da Mayu ruwa ya ja baya, ya yi zafi, duk dauɗar da ke cikinsa ta taru wuri guda kamar miyar da aka bari bisa wuta.

Kifi yana numfashi kamar yadda muke yi, sai dai shi iskar da ta narke cikin ruwa yake tacewa, wadda masana ke kira oksijin. Wannan iska kaɗan ce ƙwarai a ruwa. Abin da ke cikin lita guda ta iskar da muke shaƙa ya ninka na lita guda ta ruwa fiye da sau 30. Daɗin daɗawa, ruwan zafi bai iya riƙe ta kamar ruwan sanyi. In zafin ruwa digiri 20 ne, lita guda kan riƙe miligiram 9, in ya kai digiri 30 sai ta komo wajen 7 da rabi. Yawancin kifaye suna son 5 ko fiye, in ta faɗi ƙasa da 2 kuwa sai mutuwa ta fara. Ga shi kuma da zafi kifi ya fi bukatarta. Watau a bazara tulun ya ƙanƙance, mai sha kuma ƙishinsa ya ƙaru.

Koren nan da Sarkin Ruwa ya gani gansakuka ce, ƙananan tsirrai da ido ba ya rarrabe su ɗai-ɗai. Da rana suna zuba iska cikin ruwa, kamar kowane ganye mai samun haske. Da dare kuwa sai su juya su shiga shaƙarta, su da kifi, da ƙwayoyin da ke ruɓar da taɓo da kashin shanu a ƙasa. Saboda haka iskar tafki takan cika da la'asar, ta yi ta raguwa dare farai, ta kai ƙarshen ƙarancinta gab da fitowar rana. In gansakuka kaɗan ce, abin da aka tara da rana kan kai gari ya waye. In ta yi yawa, sa'an nan aka yi kwana biyu ana lumshi ba a tara kome ba, sa'an nan ruwan farko ya kwaso shara da kashin dabbobi na rani duka ya zuba, iska kuma ta birkita baƙin taɓon ƙasa, to, ajiya takan ƙare tun tsakar dare. Tarwaɗa ta tsira ne don Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa ma ta fi ta, don ita huhu gare ta, har takan shige taɓo ta yi barci rani duka. Karfasa tana da juriya gwargwado, amma ba ta da wannan baiwa.

Me ke sa gansakuka ta yi yawa? Abinci. Takin zamani da ake zubawa a lambunan bakin ruwa, yuriya da NPK, bai san bambancin tumatir da gansakuka ba, duk wanda ya samu ciyarwa yake yi. Sai kashin shanu a mashaya, da sabulun wanki, da ruwan kwatami, da bayan gida da ake yi a bakin tafki. Ni ba na ganin laifin mai lambu don ya sa taki, abincinsa yake nema. Abin da nake ƙi shi ne noma har cikin ruwa, a nome ciyawa da geza da ke tare dauɗa a gaɓa, a bar ƙasa tsirara.

Akwai wani abu game da tafki marar zurfi wanda ya kamata kowane ma'aikacin hukuma ya riƙe, domin da shi za a san lokacin kashe kuɗi. Masana a ƙasar Holan, cikinsu har da wani mai suna Marten Scheffer, sun nuna cewa irin wannan tafki hali biyu gare shi. Ko dai ya zama garau, ciyayin ƙarƙashin ruwa sun riƙe taɓo, ƙananan kifaye suna da maɓoya, ko kuwa ya zama kore gurɓatacce, haske ba ya kai ƙasa, ciyayin sun mutu, kowace iska ta tashi sai ta tayar da taɓo. Tafki kan daɗe yana haɗiye dauɗa ba a ga canji ba, rana ɗaya sai ya kife. In ya kife kuwa, ko an tsai da dauɗar ba ya komowa nan kusa, don taɓon ƙasa ya riga ya ƙoshi da taki, yana ta mayar da shi cikin ruwa. Tafkin Veluwe na ƙasarsu ya ɓaci a wajejen ƙarshen shekarun 1960, aka soma rage dauɗar da ke shiga cikinsa a 1979, amma bai washe ba sai a shekarun 1990. Waɗannan fa mutane ne masu kuɗi da injuna.

Ba sai mun je Turai ba ma. Madatsar Jakara da ke Wasai, wadda aka gina a 1976, ita ke karɓar ruwan kwatamin birnin Kano ta kogin Jakara, da ruwan masana'antun Bompai ta rafin Getsi. Masu bincike sun sha auna ruwanta da kifinta suna samun dalma da sinadarin jima a ciki. Kazaure ba ta da masana'antu irin na Bompai, mun gode Allah, amma gari yana ƙara matsowa bakin ruwa kowace shekara.

Guba kuwa, kada a ce na ce babu ita. Akwai masu zuba magimfa tun da, daga baya aka sami masu zuba maganin ƙwari irin Gamalin 20, wanda ke kashe babba da yaro, ya kuma bi naman kifin zuwa cikin mai ci. Ƙasashen duniya sun sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da za a daina a 2009. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da lantarki, ta kuma hana taru mai ƙananan idanu. Duk da haka na ga ana jan gidan sauro a ruwa, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. A da Sarkin Ruwa kan rufe tafki, ba mai jefa ko ƙugiya sai ya buɗe. Mutanen Argungu sun riƙe wannan al'ada a Matan Fada, shi ya sa ran buki ake fito da kifin da mutum ɗaya ba ya ɗauka. A ganina ƙaramar hukuma ta tsaya bayan Sarkin Ruwa ya fi ta rubuta sabuwar doka, don shi ke kwana a bakin ruwan.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne tsargiya. Na shiga aji a wani ƙauyen bakin ruwa na ce duk mai fitsarin jini ya ɗaga hannu, yara maza suka ɗaga suna dariya, don an gaya musu alamar balaga ce. Cuta ce. Mai ita in ya yi fitsari a ruwa sai ƙwayayen tsutsa su ƙyanƙyashe su shiga ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayin gaɓa, su hayayyafa, su fito su huda fatar mai wanka. Tana shan jinin yaro, ta sa shi kasala a aji, in ta daɗe ta lalata mafitsara. Akwai ƙwayar magani mai suna firazikwantel da ake rabawa a makarantu, amma in an koma ruwan sai a sake ɗauka. Kurkunu ma haka ya addabi ƙauyukanmu ta ruwan kududdufi, sai da aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a Nijeriya.

Ga wani aiki da kowace makarantar bakin tafki za ta iya ba tare da an nemi ko kwabo daga ofis ba. A sami farin murfin kwano mai faɗin taƙi guda, a huda tsakiya, a ɗaura igiya da ɗan dutse a ƙasa, a yi ƙulli a igiyar kowane santimita 10. Wani malamin taurari na Italiya mai suna Secchi ya fara amfani da irin wannan faifai a 1865, har gobe kuwa da shi masana ke aiki. Sau ɗaya a mako, da hantsi ya dubi ludayi, malami ya sa a zura shi daga kwalekwale ko daga kan dutse, wuri ɗaya kullum, a rubuta inda ya ɓace wa ido. A rubuta kuma launin ruwan, kore ne ko jan laka, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Masu kiwon kifi sukan so faifan ya ɓace tsakanin santimita 30 da 45. In ruwa kore ne, faifai kuma ya ɓace tun bai kai 20 ba, sai malam ya aika wa Sarkin Ruwa da Dagaci takarda ran nan, don a sassauta wa masunta su rage manyan kifi tun suna da rai, a kuma janye wanki da shayar da shanu zuwa gefe guda kafin ruwan farko. Yaran da za su riƙe igiya kada su shiga ruwan da ƙafa. Littafin kuwa a ajiye shi tare da rajistar makaranta, zan nemi in gan shi in na zo rangadi.