Faransa: tattakin lahadin ƙarshen Satumba domin masu cutar mikobisidoz

Tun shekara ta 1985, a lahadin ƙarshe ta watan Satumba, jama'a na fitowa a garuruwan Faransa, wasu a ƙasa, wasu bisa keke, suna tattaki mai suna Virades de l'espoir. Kuɗin da aka tara na shiga asusun ƙungiyar Vaincre la Mucoviscidose, wadda iyayen yara marasa lafiya da likitoci suka kafa a 1965.

Mikobisidoz cuta ce ta gado. Majinar jiki ke yin kauri, ta toshe huhu, ta hana hanji narkar da abinci. Yaro ya yi ta tari, yana ci amma ba ya ƙiba, gumin jikinsa kuma gishiri gare shi sosai. Da gumin nan ne likita ke tabbatar da cutar. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da irin, ko da suna lafiya lau, sa'an nan a kowane ciki akwai haɗarin ɗaya cikin huɗu. Iyalan da suka san sikila a Maraɗi ko Damagaram sun san wannan lissafi, don gadon iri ɗaya ne.

Lokacin da aka kafa ƙungiyar, yara ƙalilan ke kai shekarun balaga. An gano ƙwayar gadon da ke haddasa cutar a 1989. Daga 2002 Faransa ta soma gwada kowane jariri kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Rasuwar mawaƙi Grégory Lemarchal a 2007, yana da shekara 23, ta sa waɗanda ba su taɓa jin sunan cutar ba suka san ta. Yanzu fiye da rabin masu fama da ita a ƙasar manya ne, abin da iyayen farko ba su yi zato ba.

Amma jinyar aiki ce ta kullum: tausar ƙirji don fidda majina, shaƙar magani, ƙwayoyi a kowane cin abinci. Maganin Kaftrio, da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020, ya sauƙaƙa wa da yawa, sai dai bai dace da kowa ba, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙasashe matalauta.

A Afirika an daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa. Kuskure ne. Inda babu na'urar gwajin gumi, yaro mai tari da rama sai a yi masa maganin tarin fuka ko na tamowa, a sallame shi.